Waiwaye: Yadda littafin Hausa ya bar bayan tirela ya koma cikin waya a Legas

Wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba shekaru ashirin da suka wuce ya san yadda littafin Hausa yake isowa Legas. Ɗan kasuwa ya saro a Kano, a ɗaure a kwali, a jefa cikin motar kaya, ya kwana ya wuni a hanya kafin ya sauka a teburin mai sayar da kaset da turare. Matan aure ba sa fita nema. Yaro ake aika da kuɗin haya, ya karɓo na ɗaya, gobe ya mayar ya karɓo na biyu. Tashin hankalin yana ga na uku: ko bai iso daga Kano ba, ko wata ta ara ta wuce da shi Arewa biki, a bar ki da labari a rataye.

Wannan kasuwa ta bunƙasa ne tun shekarun 1980, lokacin da marubuta suka gaji da jiran kamfanonin buga littattafai irin su NNPC ta Zariya, suka riƙa kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu. Masana suka laƙaba mata suna Adabin Kasuwar Kano. Ta sha suka ba kaɗan ba, har a 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona wasu littattafan a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Duk da haka ta ci gaba da numfashi. Abin da ya ci ƙarfinta takarda ce da waya.

Masana'antun takarda na Jebba, Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, sai an shigo da takardar ɗab'i daga waje, kuma duk lokacin da dala ta motsa littafi ya bi ta. Ita kuwa wayar salula ta shigo a 2001. A 2007 kamfanin Amazon ya fitar da Kindle a Amurka, amma mu nan wa ya sayi wata na'ura daban don karatu? Wayar da ke hannu ita ta zama littafi. Aka fara da zaurukan Facebook, aka gangaro Wattpad, manhajar ɗora labarai da karanta su, sannan WhatsApp ya haɗiye kowa.

A nan Legas ma an gwada wani abu. A 2013 Okechukwu Ofili ya kafa OkadaBooks, manhajar da marubuci zai ɗora littafinsa ya sa farashi da naira. Marubutan Hausa, galibinsu mata, sun yi amfani da ita sosai. A ƙarshen Nuwamba 2023 ta rufe. Ni dai tun ranar nake tunanin abin da mutum ya saya da kuɗinsa amma ba zai iya sa shi a ƙarƙashin filo ba.

Yanzu ga yadda ciniki yake tafiya. Marubuciya ta saki shafuka na kyauta, sai labari ya ɗauki zafi, amarya na shirin shiga gidan kishiya, ta tsaya cak: "Littafin nan na kuɗi ne." Ki tura 'yan ɗaruruwa ta asusun banki, ki aika shaidar biya, a sa ki a zaure. Daga nan kullum sai jiran sabon shafi, ana ta "Anti, yau shiru?" Masu karatu har rigima suke da marubuciya kan wanda jaruma za ta aura, wani lokaci kuma ta biye musu ta sauya akalar labarin. A zamanin takarda wa ya isa?

Ɓarnar kuma a fili take. Mutum ɗaya ta biya, kafin la'asar littafin ya zaga zauruka goma kyauta. Shi ya sa za ka ga an buɗe shafi da "duk wadda ta fitar min ban yafe ba". Ba edita, ba mai duba ƙa'idar rubutu. Ƙ da k duk ɗaya ne, Turanci na tsalle a tsakiyar jimla. Wasu ma sun daina karantawa da ido, sai su kunna YouTube a karanta musu suna wanke-wanke, ko suna cikin cunkoson hanyar Mile 12.

Inda takarda ba ta ja da baya ba shi ne bakin masallaci. Ranar Juma'a mai shimfiɗa Alƙur'ani da ƙananan littattafan fiƙihu da na azkar yana nan da tabarmarsa, kuma malamin islamiyya har yanzu cewa yake kowane yaro ya zo da nasa a jaka.