Bin HIPAA kaɗai bai wadatar ba a asibitin masu fama da shaye-shaye

Shekara da shekaru ma'aikatan lafiya da yawa a Amurka suna ɗauka cewa in dai sun bi dokar HIPAA ta 1996, wadda ke kare bayanan lafiyar majinyata, sun gama da batun sirrin majinyaci. Ga mai neman magani daga shan ƙwaya ko barasa, abin ba haka yake ba. Cibiyoyin da ke samun tallafin gwamnatin tarayya suna ƙarƙashin wata ƙa'ida mai tsauri, 42 CFR Sashe na 2, wadda ta samo asali tun shekarun 1970, don kada tsoron ɗan sanda ya hana mutum zuwa neman magani.

A ce ɗan sanda ya tsaya a gaban tebur da sammaci a hannu, yana tambaya ko wane yana jinya a nan. Ma'aikaciyar ba ta da ikon cewa "e". Sammaci kaɗai bai isa ba, sai da izinin majinyacin a rubuce ko umarnin kotu na musamman. Wannan kariyar ce take sa mutum ya buɗe baki ya gaya wa likita gaskiya.

Gyaran da aka yi wa ƙa'idar a Fabrairun 2024 ya rikitar da wasu. Yanzu takardar izini ɗaya tana iya wadatarwa wajen bayar da bayanan majinyaci don magani da biyan kuɗi da gudanar da asibiti, kuma dole a sanar in bayanai sun fita ba bisa ƙa'ida ba. Amma haramcin amfani da fayil ɗin a kan majinyaci a kotu yana nan daram. Wa'adin bin sabon tsarin shi ne 16 ga Fabrairu, 2026.

Mai binciken bin ƙa'ida in ya zo, fayil zai buɗe ya nemi takardar izini mai sa hannu da kwanan wata, ya kuma duba ko bayanan da mai ba majinyaci shawara ya rubuta an ajiye su daban.