Maƙala Enzayim a Bayan Sifo na Bakteriya

Wannan dabara ce ta fasahar halittu, wadda ake ɗora enzayim, wato furotin mai hanzarta sauya wani sinadari zuwa wani, a kan ɓawon sifo. Sifo shi ne ƙunshi mai tauri da wasu bakteriya ke rikiɗewa su zama idan abinci ya yanke, su yi dogon barci. An fi amfani da Bacillus subtilis, domin ba ta cutar da mutum.

Tarihi

Ferdinand Cohn na Jamus ya bayyana sifon wannan bakteriya wajen 1876, bayan ya lura cewa tafasa ba ta kashe shi. Tunanin baje furotin a bayan wata halitta kuwa ya samo tushe daga aikin George Smith na 1985 a kan bairus mai kama bakteriya, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2018. Sai a 2001 Rachele Isticato da abokan aikinta a Naples ta Italiya suka haɗa wani yanki na dafin tetanus da furotin ɓawo mai suna CotB, suka sami kimanin guda 1,500 a kan kowane sifo. Riga-kafi suka nufa da farko. Enzayim ya biyo baya, kuma masu bincike a Koriya ta Kudu na cikin waɗanda suka fara ɗora wani enzayim mai suna beta-galactosidase ta hanyar wani furotin ɓawo mai suna CotG.

Yadda ake yi

Ɓawon yana da furotin iri sama da 70. Ana ɗinke ƙwayar gadon enzayim, wato umarnin halitta da ke sa a ƙera shi, da ta ɗaya daga cikinsu, kamar CotB, CotC ko CotG. Uwar tantani, wato ɓangaren bakteriyar da ke ɗauke da sifon, ta ƙera furotin ɗin da aka haɗe a cikinta, ta jera su a kan sifon da take reno, sannan ta fashe ta sake shi. Kyawun abin ke nan: enzayim bai buƙatar ratsa wata fata kafin ya fito fili. Akwai kuma hanyar jiƙa sifo cikin ruwan enzayim mai ɗan tsami har ya manne, ba tare da an taɓa gado ba.

Amfani

Enzayim ɗin kan fi jure zafi da sinadarai masu narkarwa, kuma ana tace sifon a sake aiki da shi. An gwada dabarar wajen samar da sukari irin tagatose.

Matsaloli

Sifo na iya farkawa ya tsiro ana tsaka da aiki. Ana saɓani kan ko dabarar za ta biya kuɗinta a masana'anta.