Waiwaye: yadda sautin mono ya ɓace daga waƙoƙin ƙarshen shekarun 1960

Tun da aka sake fitar da kundin Revolver na ƙungiyar Beatles a 2022, bayan an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rarrabe muryoyi da kayan kiɗa daga tsohon tef, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masoya tsofaffin waƙoƙin rok da sol. Wasu na cewa an kakkaɓe wa waƙoƙin ƙura ne kawai. Wasu kuwa gani suke an yi shisshigi, a bar musu asali yadda yake. Sai dai da yawa daga masu kare asalin nan, abin da suke karewa ba shi ne abin da jama'a suka ji a wancan zamani ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1949 ƙaramin faifai mai inci 7 ya fito a Amurka, mai juyi 45 a minti, waƙa ɗaya a kowace fuska. A 1954 ƙaramar rediyon aljihu ta biyo baya. Matashi na jin waƙa ta tashar AM, a mota ko a ƙarƙashin matashin kai, duk sautin na fita ta lasifika ɗaya. Wannan shi ne mono. Sitiriyo, mai raba sauti dama da hagu, ya shiga kasuwa tun 1958, amma kayan jinsa na masu hannu da shuni ne.

Saboda haka a kan mono ake zuba gumi. A kamfanin faifai na Motown da ke Detroit, injiniyoyi kan gwada waƙa a 'yar lasifika irin ta mota kafin a ce ta yi. Brian Wilson na ƙungiyar Beach Boys, wanda kunnensa na dama kusan ba ya ji, a mono ya haɗa kundin Pet Sounds a 1966, kuma sai 1997 aka fitar da cikakken sitiriyonsa. 'Yan Beatles kan zauna a ɗakin haɗa sauti lokacin aikin mono, su bar wa injiniyoyi na sitiriyo.

Shekarar da ta sauya al'amarin ita ce 1967, ba a kuma cika ambatonta ba, don ba a situdiyo abin ya faru ba. A farkon shekarar wata doka ta fara aiki a Amurka: a garuruwan da mutanensu suka haura 100,000, gidan rediyon da ke da AM da FM ba zai maimaita fiye da rabin shirye-shiryensa na AM a FM ba. Manufar mai kyau ce, a raya FM da ke zaune kamar kufai. Sai ga gidajen rediyo da sa'o'i rututu ba abin sawa. Hanya mafi araha ita ce a ba matasan masu gabatarwa filin, su sa abin da suka ga dama. Haka aka yi a KMPX ta San Francisco, haka a WNEW-FM ta New York. FM kuwa tun 1961 tana iya watsa sitiriyo, ga shi ba ta da ƙa'idar AM ta taƙaita waƙa a minti uku. Waƙar nan ta ƙungiyar Doors, Light My Fire, minti bakwai ce a kundi, an datse ta ƙasa da uku don AM. A FM ana sakinta ne har ƙarshe.

A tsakiyar wannan shekarar kuma farashin kundin mono, wanda a da yake ƙasa da na sitiriyo da dala ɗaya, ya tashi suka yi kunnen doki. Masu shaguna daman sun gaji da ajiye kowane kundi kala biyu. Mai saye kuma, tunda kuɗin ɗaya ne, me zai sa ya ɗauki wanda ake wa kallon tsohon yayi? Kafin ƙarshen 1968 kundin mono ya kusa ƙarewa a kasuwar Amurka. Ingila ta ɗan jinkirta: farin kundin Beatles na 1968 ya fita a mono a can, amma Abbey Road na 1969 sitiriyo ne zalla.

Ƙananan faifai su suka fi shan wahala. Da aka zo tattara su a manyan kundaye, kuma daga baya a CD, sai aka riƙa ɗauko kwafin sitiriyo, wanda sau da yawa a gurguje aka haɗa shi. Duk wanda ya taɓa sa abin ji a kunne ya tarar da ganga gaba ɗaya a hagu, murya ita kaɗai a dama, ya san abin da ake nufi. Inda babu sitiriyo ma sai a ƙirƙiro na jabu: a tura kaurin sauti gefe guda, siririn gefe guda, a ƙara amsa-kuwwa. Waƙar sol da aka gina don ta doki ƙirji a dunƙule sai ta fito a warwatse, ba ƙarfi. Wani lokacin bambancin ya wuce haka. Akwai waƙoƙin da saurinsu ko tsawonsu ma ba ɗaya ba ne a kwafin biyu.

Da wannan sautin aka yi renon kunnuwan waɗanda suka taso daga shekarun 1970, shi suka ɗauka asali, shi suke kishi yau idan aka taɓa. Sai a 2009 aka tattara mono na Beatles a akwatin CD guda, mutane da yawa suka fara jin abin da mawaƙan da kansu suka sa wa hannu. Kundayen mono na 1968 kuwa, da yake kaɗan aka buga, yanzu masu tara tsofaffin faifai na biyan kuɗi mai tsoka a kansu, sau da yawa fiye da na sitiriyon da ya kore su daga shaguna.