Karatun Gaba da Digirin Farko a Kimiyyar Halittu a Jihar Kaduna

Karatun gaba da digirin farko a kimiyyar halittu shi ne matakin da ɗalibi ke shiga bayan ya kammala digirinsa na farko a ilimin tsirrai, ko na dabbobi, ko na ƙananan halittun da ido ba ya gani, ko na sinadaran jikin halitta, domin ya sami diflomar gaba da digiri, ko digiri na biyu, ko digiri na uku wanda aka fi sani da digirin digirgir. A Jihar Kaduna makarantu uku na gwamnati ne suka fi shahara da wannan karatu, wato Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna, da Jami'ar Jihar Kaduna da ake kira KASU. Binciken halittu ya riga jami'a zuwa wannan yanki da shekara arba'in, kuma har gobe yawancin batutuwan da ɗalibai ke rubuta kundi a kansu suna bin sawun matsalolin da suka sa aka kafa tsofaffin tashoshin bincike, wato cutar shanu, da ƙwarin gona, da cututtukan da ruwa ke kawowa.

Samaru da Shika

A shekarar 1922 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, kusa da Zariya, a daidai lokacin da jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Arewa da bakin teku, auduga da gyaɗa kuma suka zama abin da Turawa suka fi sa wa ido. Ma'aikatan tashar masana tsirrai ne da masana ƙwari da masu nazarin ƙasar noma, kuma aikinsu bai wuce zaɓen iri da gano abin da ke cinye shuka ba. A 1928 aka kafa gonar kiwo a Shika, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI. Babu ɗaya daga cikin wuraren biyu da ke ba da digiri a wancan zamani. Abin da suka tara shi ne filayen gwaji, da bayanan ruwan sama na shekara da shekaru, da tarin busassun tsirrai da ƙwari, da ma'aikata 'yan ƙasa da suka ƙware a aikin hannu na ɗakin gwaje-gwaje, kuma waɗannan ne jami'a ta gada sa'ad da ta zo.

Anchau da ƙudan tsando

A shekarun 1930 ciwon barci ya yi mummunar ɓarna a lardunan Arewa, ciki har da lardin Zazzau. Ƙudan tsando ne ke yaɗa ƙwayar cutar, kuma nau'in da ya fi addabar mutane yana zama ne a inuwar kurmin bakin rafi, inda mata ke ɗiban ruwa da wanki, yara kuma ke wanka. Wajen ƙarshen shekarun nan aka fara wani babban shiri a ƙasar Anchau, wadda yanzu take Ƙaramar Hukumar Kubau, ƙarƙashin jagorancin masanin ƙwari T. A. M. Nash. An sare duhuwar bakin rafuka domin rana ta kori tsando, an tattara ƙananan ƙauyuka da ke warwatse wuri guda domin yawan jama'a ya hana dajin sake rufewa, an haƙa rijiyoyi, aka kuma gina sabon gari da aka sa wa suna Takalafiya. Masana tarihi sun saɓa a kan yadda talakawa suka ji da tashin da aikin tilas da ya biyo baya.

Wannan gwagwarmaya ce ta kai ga kafa cibiyar binciken cutar tsando ta Afirka ta Yamma, wadda galibi ake danganta kafuwarta da shekarar 1947, ko da yake sai a farkon shekarun 1950 aikinta ya kankama. Hedikwatarta tana Kaduna, tana da reshe a Vom, kuma a wancan lokaci tana yi wa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya aiki tare. Nash da kansa ya shugabance ta a shekarun 1950. A 1964 ta koma hannun Najeriya da sunan NITR, daga baya kuma aka ƙara mata binciken makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa. Tana nan a Unguwar Rimi, kuma ɗaliban digiri na biyu da na uku daga jami'o'in jihar da na wajenta sukan je can neman ƙwayar sammore, cutar da tsando ke sa wa shanu, wadda aka raina a jikin ɓeraye, ko neman ɓerayen kansu.

Zuwan jami'a

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga Oktoba, 1962, da tsangayoyi huɗu, ciki har da ta kimiyya da ta aikin gona, kuma an ruwaito cewa ɗalibanta na farko 426 ne. Norman Alexander, masanin kimiyya ɗan ƙasar New Zealand, shi ne shugabanta na farko, sai Ishaya Audu, likitan yara, ya gaje shi a 1966. Tun a shekarar buɗewa aka miƙa mata tashar Samaru, wadda ta zama cibiyar binciken aikin gona ta IAR. A tsakiyar shekarun 1960 aka kafa tsangayar likitancin dabbobi da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. A farkon lamari yawancin malamai 'yan ƙasa a Ingila ko Amurka suke yin digirin digirgir, sai sannu a hankali, musamman bayan da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980 kuma malaman ƙetare suka yi ta komawa gida, horar da malami a gida ya zama ruwan dare.

An daɗe ana koyar da ilimin tsirrai da na dabbobi a sashe guda mai suna Sashen Kimiyyar Halittu. A wajen tsakiyar shekarun 2010 aka raba tsangayar kimiyya gida biyu, aka ware tsangaya ta musamman ga kimiyyar rayuwa, inda ilimin halittu da na tsirrai da na dabbobi kowanne ya sami sashensa, tare da sashen ƙananan halittu da na sinadaran jiki.

Daga cikin waɗanda wannan tsari ya yaye, wanda ya fi yin suna shi ne Farfesa Andrew Jonathan Nok, ɗan kudancin Kaduna, wanda a Zariya ya yi karatunsa har zuwa digirin digirgir. Tun a shekarun 1980 malaman likitancin dabbobi na jami'ar suka nuna cewa ƙwayar sammore tana fitar da wani sinadari mai suna sialidase, wanda ke kankare wani abu daga bayan jajayen ƙwayoyin jini, sai jikin dabba ya ɗauke su a matsayin lalatattu ya cinye su, abin da ke bayyana ramewa da ƙarancin jinin da makiyaya suka sani a jikin saniya mai sammore. Nok ya bi wannan layi zuwa ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin, aikin da ya ba shi kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009. Ya jagoranci cibiyar da Bankin Duniya ya tallafa wa a jami'ar domin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, ya riƙe kwamishinan lafiya sannan na ilimi a Jihar Kaduna, ya rasu a Nuwamban 2017.

Tsarin karatu

Ƙa'idojin shiga sun yi kama da juna a ko'ina, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗa. Ana buƙatar kiredit biyar na sakandare, da digirin farko mai daraja ta biyu, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa. Mai daraja ta uku ko mai babbar diflomar kwalejin kimiyya da fasaha yakan fara da diflomar gaba da digiri. Digiri na biyu yana da kwasa-kwasai na kusan shekara guda, ciki har da lissafin ƙididdiga da dabarun bincike, sannan aikin bincike da rubuta kundi. A takarda shekara biyu ce, digirin digirgir kuma uku.

Ana ba ɗalibi malamai biyu ko uku masu duba aikinsa. Yakan gabatar da ƙudurin bincikensa a gaban malaman sashe, ya dawo ya gabatar da sakamako, sannan ya kare kundinsa a gaban mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a. Wanda zai yi gwaji da dabbobi ko ya ɗebi jini ko fitsarin mutane sai ya sami amincewar kwamitin ɗa'a tukuna.

Abin da ake bincike a kai

Idan aka duba kundayen da ke jere a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, za a ga batutuwa kaɗan ne ke ta maimaituwa. Mafi yawa shi ne gwajin tsirran magani. Ɗalibi yakan samo ɓawon maɗaci ko ganyen marke ko sabara, sau da yawa bisa bayanin mai maganin gargajiya, ya shanya a inuwa, ya daka, ya tatse da ruwa ko wani sinadari, sannan ya gwada a kan ƙwayoyin cuta ko a jikin fararen ɓeraye. Kafin ya fara komai sai ya kai reshen tsiron, da ganye da fure idan akwai, ɗakin ajiyar busassun tsirrai na jami'ar. A can ma'aikaci zai shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu ya danne da katako, ya kwatanta shi da waɗanda ke cikin ma'ajiya, ya tabbatar da sunansa na Latin, ya ba shi lamba. Wannan lamba ce ke shiga kundi, kuma ita ce hujjar cewa abin da aka kira maɗaci Khaya senegalensis ne ba wani abu ba, domin suna ɗaya na Hausa yakan hau tsirrai biyu ko uku daga gari zuwa gari. Irin wannan aiki ya yawaita ne saboda araharsa, kuma raunin da aka fi gani a cikinsa shi ne yawanci yana tsayawa a kan cewa ruwan ganyen ya yi tasiri, ba tare da an kai ga ware sinadarin da ya yi aikin ba.

Na biyu shi ne cututtukan da ƙwari da ruwa ke yaɗawa. Mai nazarin tsargiya yakan bi makarantun firamare na ƙauyukan da ke kusa da madatsun ruwa da fadamu, ya karɓi fitsarin yara wajen tsakar rana, lokacin da ƙwan tsutsar ya fi fita, ya ƙirga su a ƙarƙashin madubin likita, sannan ya shiga ruwa da rariya yana tsintar ƙananan katantanwar da tsutsar ke girma a cikinsu. Mai nazarin sauro kuma yakan kwashi tsutsarsa daga kududdufai da gonakin shinkafa, ya raine ta har ta fashe, ya gwada ko maganin da ake sa wa gidan sauro yana kashe ta.

Sai nazarin ruwa da kifi a Kogin Kaduna da Galma da madatsun Kubanni da Kangimi, inda ake auna gubar ƙarafa a jikin tarwaɗa da karfasa, musamman a wuraren da ruwan masana'antun Kakuri da na matatar mai ke gangarawa. A ɓangaren gona, wuta-wuta mai shanye dawa da masara, da kuturun gyaɗa wanda annobarsa ta 1975 ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa, da gubar da fumfuna ke bari a hatsin da bai bushe ba, duk sun ci kundaye masu yawa. A ƙarshen 2019 aka amince da irin waken SAMPEA 20-T na IAR, wanda aka sauya wa ƙwayar gado domin ya jure tsutsar da ke huda kwanso. Masu goyon baya suna nuni da raguwar feshi, masu adawa kuma suna tambaya a kan lafiya da mallakar iri.

Nazarin namun daji da tsuntsaye bai taka kara ya karya ba, kuma rashin tsaro a yankin Birnin Gwari, inda gandun dajin Kamuku yake, ya ƙara taƙaita shi.

Kuɗi da jinkiri

Yawancin ɗalibai da aljihunsu suke karatu, kuma su ke sayen sinadarai da ɓeraye da abincinsu. Malaman manyan makarantun gwamnati suna iya samun tallafin asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi. Gwajin ƙwayoyin gado na DNA yana da tsada, kuma sau da yawa sai an aika samfur wani gari ko wata ƙasa kafin a karanta shi. Ɗaukewar wutar lantarki babbar barazana ce, tunda samfurin jini da ya narke a firji ya tashi aiki.

Jinkiri a wannan fanni ya fi na sauran fannoni ciwo saboda aikin yana ɗaure da damina, wadda a yankin Zariya takan kama daga Mayu zuwa Oktoba. Wanda ruwa ya wuce shi bai shuka gwajinsa ba, ko bai ɗebi sauronsa ba, sai ya jira baɗi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya fara ne a Fabrairu ya ƙare a Oktoba, wato ya haɗiye damina guda sukutum, bayan na 2020 da ya ɗauki kusan wata tara.

NDA da KASU

An kafa NDA a 1964, ta fara karatun digiri a 1985, kuma makarantarta ta gaba da digiri tana ɗaukar farar hula, abin da ya sa ma'aikata da yawa mazauna garin Kaduna ke zaɓenta. KASU an kafa ta a 2004, tana da harabobi a Kaduna da Kafanchan.

Bayan kammalawa

Mafi yawan masu digirin digirgir koyarwa suke yi a jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, inda digirin ya zama sharaɗin ƙarin girma zuwa babban malami. Wasu suna shiga cibiyoyin bincike irin su NITR da IAR da NAPRI da cibiyar albarkatun ruwa ta Mando, ko hukumar NAFDAC, ko shirye-shiryen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya na ma'aikatun lafiya.