Ba Ni da Aiki, Ina So in Bar Gidan Iyayena: Gwamnatin Birtaniya Za Ta Biya Mini Haya?

A Kano ko Zariya, idan saurayi ya kai munzali sai a ware masa ɗakin zaure ko shagon ƙofar gida, ya zauna har Allah ya kawo aure. A Birtaniya babu zaure. Gida ne mai ɗaki biyu ko uku, iyaye da yayye da ƙanne duk a cunkushe, kuma yaranmu da aka haifa ko suka tashi a can sukan kai lokacin da zaman ya ƙi daɗi. Sai ka ji tambayar: ba ni da aiki, ina so in fita, za a taimaka mini da kuɗin haya? Amsoshin da ke ƙasa sun fi shafar Ingila, domin Scotland da Wales suna da nasu dokokin a kan haya da rashin matsuguni.

Akwai irin wannan taimakon kuwa, ko labari ne?

Akwai. Yana cikin tallafin da ake kira Universal Credit, wanda aka fara a 2013 kuma ma'aikatar ayyuka da fansho ta DWP take gudanarwa. Kashi biyu ne ya shafe ka: kuɗin cefane da sauran buƙatun yau da kullum, sai kuɗin haya da ake ɗorawa a kai. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, wanda ba shi da aure kuma bai kai shekara 25 ba yana karɓar fam 316.98 a wata na buƙatun kansa, wanda ya kai 25 kuma fam 400.14.

Za ka iya jin wani ya ce 'yan shekara 18 zuwa 21 ba a biya musu haya. Tsohon labari ne. An kafa wannan sharaɗi a watan Afrilun 2017, aka soke shi a ƙarshen 2018.

Kuɗin ba na banza ba ne. Za a haɗa ka da jami'i a ofishin neman aiki na gwamnati da ake kira Jobcentre, ka amince da alƙawarin neman aiki, ka riƙa nuna inda ka nema. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan ka fara tsallake ranar ganawa ba dalili, za a zaftare maka kuɗin cefanen.

Kowa ne zai iya nema?

A'a, kuma nan ne ya kamata ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ya fara dubawa kafin komai. Mafi yawan masu bizar karatu ko ta aiki, da 'ya'ya da matan da suka zo a ƙarƙashinsu, an gindaya musu sharaɗin cewa ba su da haƙƙin cin kuɗin tallafin gwamnati. Universal Credit yana cikin abin da aka hana su. Wanda ya karɓa alhali yana da wannan sharaɗi ya karya ƙa'idar bizarsa, abin da zai iya dawo masa a lokacin sabuntawa ko neman takardar zama na dindindin. Kada ka dogara da cewa abokinka ya nema ya samu. Takardarsa daban, taka daban.

Ɗan ƙasa, da mai takardar zama na dindindin, da wanda aka ba mafaka a matsayin ɗan gudun hijira, duk suna iya nema. Sauran sharuɗɗan: a bisa al'ada sai ka kai shekara 18, ajiyarka kada ta wuce fam 16,000, kuma daga fam 6,000 ake fara rage abin da za a ba ka. Mafi yawan ɗaliban jami'a masu cikakken karatu ba su cikin tsarin.

Zan iya nema tun ina gida, su ba ni kuɗin in je in kama ɗaki?

A nan mutane suka fi shan mamaki. Gwamnati ba ta ba ka kuɗi don ka je ka nemi ɗaki. Sai ka riga ka kama ɗakin, ka shiga, kana da takardar yarjejeniya da ke nuna ana bin ka haya, sannan take fara lissafa maka. Kuma biyan a ƙarshen wata yake zuwa, alhali mai gida a farkon wata yake so. Sabon mai nema yakan jira kusan mako biyar kafin kuɗin farko su shigo asusunsa.

Ka lissafa abin da ake buƙata kafin a miƙa maka makulli. Mu da muka saba da biyan shekara guda cur a gida za mu ga biyan wata-wata kamar sauƙi ne, amma akwai kuɗin ajiya da mai gida yake riƙewa saboda ɓarna, wanda dokar 2019 ta taƙaita shi a kuɗin hayar mako biyar, ga kuma hayar watan farko. Ɗakin fam 600 a wata na iya cin kusan fam 1,300 kafin ka kwana a cikinsa dare ɗaya. Babu ko sisi na wannan da Universal Credit zai ba ka kai tsaye a ranar.

Dabarar da take aiki ita ce ka nemi Universal Credit tun kana gidan iyayenka. Za a ba ka kashin cefane kawai, amma jiran mako biyar ɗin ya wuce kana da rufi a kanka. Ranar da ka tare, sai ka shigar da canjin adireshi da kuɗin haya a shafinka na intanet, a ɗora maka a biyan da ke tafe. Kada ka yi jinkirin sanarwa, domin idan watan da ake lissafa maka tallafi a kansa ya rufe ba ka faɗa ba, kana iya asarar hayar wannan watan. Wanda ya yi wata shida yana karɓa kuma zai iya neman bashi marar ruwa da bai wuce fam 348 ba ga mutum ɗaya, na biyan hayar farko ko ɗaukar kaya, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan. Wasu ƙananan hukumomi suna da tsarin tsaya wa mutum a kan kuɗin ajiya, sai ka tambayi taku tun kafin ka sa hannu a ko'ina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To nawa za su biya? Duk abin da mai gida ya yanka?

Ina! Ga masu haya a hannun 'yan kasuwa akwai iyaka da ake kira Local Housing Allowance, kowane yanki da tasa. Ana ɗauko ta ne daga hayar gidaje mafi araha, wato kashi 30 cikin ɗari na ƙasa a yankin. An daidaita ta a watan Afrilun 2024, sannan aka bar ta a daskare a 2025 alhali haya tana ta hawa. Za a biya ka ko dai hayarka ko wannan iyaka, duk wanda ya fi ƙanƙanta.

Sai kuma abin da yake ɓata wa matasa rai. Idan ba ka da aure, ba ka da yaro, kuma ba ka kai shekara 35 ba, kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka kawai za a ba ka, inda kicin da banɗaki na kowa da kowa ne. A da iyakar shekara 25 ce, a watan Janairun 2012 aka ɗaga ta zuwa 35. Ba a hana ka kama gida kai kaɗai ba, amma cikon daga aljihunka. A ce iyakar yankinku fam 450 ce, ɗakin kuma fam 600. Fam 150 ɗin daga cikin 316 ɗinka za su fita, ka rage da abin da bai kai fam 170 ba na abinci da mota da waya na wata guda. Kuɗin wuta da gas da ruwa da kake biya dabam da haya ba su cikin abin da ake biya. A ganina tsarin ya ɗauka cewa mutum ɗan shekara 33 bai wuce yaro ɗan makarantar kwana ba, amma haka dokar take.

Akwai waɗanda aka ware, ana ba su kuɗin gida mai ɗaki ɗaya: wanda ya tashi a hannun hukumar kula da yara har ya kai 25, wanda ya yi wata uku a masaukin marasa gida yana samun kulawa, masu karɓar wasu nau'o'in tallafin nakasa, da wanda aka ci zarafinsa a cikin gida.

Idan na riƙa biyan iyayena haya fa, ko na kama ɗaki a gidan kawuna?

Ba a biyan haya ga wanda yake zaune gida ɗaya da mai gidan idan mai gidan makusancinsa ne, kamar uwa, uba, wa, ya, ƙane ko suruki. Ko an rubuta takarda, ba za ta yi aiki ba. Idan mahaifinka yana da wani gida dabam da ba ya zaune a ciki ya ba ka haya, ana iya biya, sai dai za a bincika a ga hayar gaske ce irin wadda za a yi da bare, ba shiri ba ne na tatsar gwamnati. Kawu ba ya cikin jerin makusantan da doka ta lissafa, amma wannan binciken shi ma zai hau kansa.

Masu gida suna karɓar marar aiki?

Da ƙyar. A 2020 wata kotu a birnin York ta yanke cewa ƙin ba mutum haya don kawai yana karɓar tallafi wariya ce da ta saɓa doka, kuma sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya ta 2025 ta haramta hakan ƙarara. Amma dillali ba zai ce maka don tallafi ba ne. Zai ce kuɗin shigarka bai kai ba, sai ka kawo mai tsaya maka. Wannan mai tsayawar yawanci uba ne ko uwa, shi ya sa wanda ya fita da faɗa yakan tarar ya toshe ƙofar da zai buƙaci bi. Ɗaki a gidan da mai shi yake zaune ya fi sauƙin samu, kuma ana biyan hayarsa, sai dai korar mutum daga irinsa ba ta da wuya.

Idan korata aka yi, ko zaman ya zama haɗari?

Wannan magana ce dabam, ta ƙaramar hukumarku ce. Dokar da ta fara aiki a 2018 ta wajabta mata taimaka wa duk wanda ya cancanta idan zai rasa matsuguni cikin kwana 56, da kuma wasu kwana 56 bayan ya rasa. Taimakon ba lallai ya zama gida ba. Sau da yawa shawara ce, ko kuɗin ajiya, ko kiran iyaye a waya a tabbatar da korar a kuma gwada sulhu. Masauki na gaggawa na waɗanda doka ta fifita ne: mai ciki, mai yara, marar lafiya ko mai rauni, da wanda ya gudo daga cin zarafi, har da yarinyar da ake so a yi wa auren dole. Irin wannan ta faɗa musu tun farko kada su tuntuɓi gida. Ɗan shekara 16 ko 17 kuma alhakin sashen kula da yara ne.

Wanda ya tattara kayansa don kansa daga gidan da zai iya ci gaba da zama, ana iya cewa shi ya jawo wa kansa, kuma hakan yana rage nauyin da ke kan hukumar. Ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, Centrepoint kuma ta matasa ce.

Fitata za ta shafi iyayena?

Idan su ma ana biya musu haya, ƙwarai. Muddin kana gida kuma ka kai 21, a mafi yawan lokuta ana cire musu wani abu a wata (kusan fam 93 ne a Universal Credit a shekarar 2025 zuwa 2026), a kan zaton kana kawo gudummawa. Ka fita, wannan ya tsaya. Amma idan gidan na ƙaramar hukuma ne ko na ƙungiyar gidaje kuma ɗakinka ya zama fanko, za a rage musu kashi 14 cikin ɗari na hayar, idan ɗakuna biyu ne kashi 25. Wannan ragin bai shafi waɗanda suka kai shekarun fansho ba. Ka zauna da Mama da Baba ku yi lissafin tare.

Idan na samu aiki bayan na tare, shi ke nan an yanke?

Ba nan take ba. A kowane fam ɗaya da ka samu bayan haraji, ana rage kwabo 55 daga jimillar tallafinka, har albashin ya kai inda tallafin ya ƙare da kansa. Aikin 'yan awoyi ma riba ne. Kuɗin hayar asusunka suke shiga, kai za ka miƙa wa mai gida, amma idan bashin wata biyu ya taru a kanka yana iya neman a riƙa tura masa kai tsaye. Harajin ƙaramar hukuma ba ya cikin Universal Credit, ragin sa a ofishin hukumar ake nema dabam, kuma a gidan haɗaka da ake haya ɗaki-ɗaki yawanci mai gida ne yake biyansa.