Tara ƙananan faya-fayan garmaho na kiɗan lantarki: me ake nema, kuma ta yaya ake gane na ainihi?

Garmaho ya daɗe da barin ɗakunanmu, tun lokacin da kaset ya shigo ya kore shi. Amma a Turai da Amurka da Japan har yanzu akwai mutanen da ke zuba kuɗi da lokaci wajen farautar tsofaffin faya-fayai, kuma wani rukuni daga cikinsu ba su damu da komai ba sai ƙananan faya-fayan mawaƙan da suka fara yin kiɗa da na'urar sintisaiza. Ga tambayoyin da mai son fahimtar wannan harka zai fara yi.

Wane irin faifai ake magana a kai?

Ƙaramin faifan roba ne mai faɗin inci bakwai, wanda ke juyawa sau 45 a minti ɗaya. Kamfanin RCA Victor na Amurka ne ya fito da shi a 1949. Galibi waƙa ɗaya ce a kowace fuska: fuskar A tana ɗauke da waƙar da ake so gidajen rediyo su sa, fuskar B kuma tana ɗauke da wata ta rakiya. Ya bambanta da tsohon faifan garmaho mai juyi 78, wanda da ya faɗi ƙasa sai ya fashe, ya kuma bambanta da babban faifai mai inci 12 da ke ɗaukar kundin waƙoƙi.

Shi kiɗan fa, wane iri ne?

Sintisaiza na'ura ce da ke samar da sauti daga wutar lantarki, babu tsirkiya, babu fata, babu busa. A farko injin ne mai cika bangon ɗaki, sai jami'o'i da manyan situdiyo ke iya mallakarsa. Da kamfanin Moog ya fitar da ƙarami mai suna Minimoog a farkon shekarun 1970, sai sautin ya fara shiga waƙoƙin kasuwa. A 1972 "Popcorn" na Hot Butter ya zagaya duniya, kuma a shekarar ce "Son of My Father" na Chicory Tip ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Düsseldorf a Jamus ta fitar da "Autobahn" a 1974, kiɗan da ya haura minti 22 a kundi, aka datse shi zuwa minti uku da 'yan kai domin ya shiga ƙaramin faifai. A 1977 Giorgio Moroder ya shirya wa Donna Summer "I Feel Love" a Munich. Waɗannan su ne iyayen gidan. Abin da Turawa ke kira synth-pop daga baya ya biyo.

Me ya sa masu tarawa suka fi nacewa a kan shekarun 1978 zuwa 1981?

Domin a waɗannan shekaru ne kiɗan ya fita daga hannun masu kuɗi ya koma hannun samari marasa ko sisi. Abu biyu suka haɗu. Kamfanonin Japan irin su Korg da Roland sun fara sayar da sintisaiza mai araha. Sannan guguwar kiɗan punk, wani zazzafan kiɗan jita na matasa, ta 1976 da 1977 ta koya wa matasan Birtaniya cewa ba sai babban kamfani ya yarda da kai ba: ka naɗi waƙarka, ka kai masana'anta a buga maka 'yan ɗaruruwa, ka ɗauka ka kai shaguna da kanka.

Babban misali shi ne Daniel Miller. A 1978 ya zauna a gidansa a Landan da ƙaramar Korg 700S da rikoda mai layi huɗu, ya naɗi waƙoƙi biyu, "T.V.O.D." da "Warm Leatherette", da sunan The Normal. Ya ƙirƙiri sunan kamfani don kawai a samu abin bugawa a jikin faifan, ya kira shi Mute, lambar faifan kuma MUTE 001. Shagon Rough Trade ya karɓi rarrabawa. Wannan kamfani na cikin ɗaki shi ne daga baya ya fitar da Depeche Mode, samarin garin Basildon, waɗanda faifansu na farko, "Dreaming of Me", ya fito a Fabrairun 1981 da lamba MUTE 013.

A 1978 ɗin dai The Human League na Sheffield suka fitar da "Being Boiled" ta hannun ƙaramin kamfanin Fast Product na Edinburgh. Thomas Leer da Robert Rental, 'yan Sikotland biyu mazauna Landan, kowannensu ya naɗi nasa faifan a gida ya fitar. A 1979 kamfanin Factory na Manchester ya buga "Electricity" na Orchestral Manoeuvres in the Dark da lamba FAC 6. A wannan shekarar ce kuma Gary Numan ya buɗe ƙofar kasuwa gaba ɗaya: "Are 'Friends' Electric?", wanda ya fitar da sunan Tubeway Army, ya yi mako huɗu a matsayi na ɗaya a Birtaniya, "Cars" ma ya bi sahu ya hau na ɗaya. Daga nan manyan kamfanoni suka farka, kowa ya shiga neman nasa mawaƙin mai sintisaiza. Abin da mai tarawa na gaske ke bi shi ne faya-fayan da suka fito kafin wannan farkawa, lokacin da ba wanda ya san kiɗan zai yi kuɗi.

Tunda duk waƙoƙin suna intanet, kuma akwai kundi, mene ne amfanin ƙaramin faifai?

Da yawa daga cikin mawaƙan ba su da kundi a lokacin, ƙaramin faifan shi ne duk abin da suka mallaka. Waɗanda suka yi kundi daga baya kuma sukan sake naɗar waƙar. "Being Boiled" da ke cikin kundin Travelogue na 1980 ba ita ce ta faifan 1978 ba. An sake ta da kayan aiki masu kyau, ta yi ƙarfi, amma a kunnena ta rasa wannan sanyi da kaushin da ta farko ke da shi. "Dreaming of Me" kuwa ba ta ma shiga bugun farko na babban faifan Depeche Mode, Speak & Spell, a Birtaniya ba.

Sai kuma fuskar B, inda mawaƙa kan ajiye gwaje-gwajensu. Wani lokaci ma ta rakiyar ce ke kayar da uwar gida. "The Model" ta Kraftwerk ta fito a kundi tun 1978. A 1981 aka liƙa ta a bayan "Computer Love", masu sa faifai suka riƙa juya faifan suna sa ta, kamfanin ya ga haka ya sake fitar da shi, a Fabrairun 1982 ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya.

Akwai kuma kwalin. Peter Saville ya tsara na "Electricity" da baƙin rubutu mai tudu a kan baƙar takarda, sai ka karkata shi ga haske ko ka shafa da yatsa kafin ka karanta. Hoton waya ba ya nuna wannan.

Waƙar da ta fi shahara ita ce faifanta ya fi tsada?

A'a, yawanci ma akasin haka ne, kuma a nan sabon shiga ke ƙona kuɗinsa. "Don't You Want Me" na The Human League da "Tainted Love" na Soft Cell, dukansu na 1981, kowanne an sayar da fiye da miliyan ɗaya a Birtaniya kaɗai. Faifan da aka buga da wannan yawa yana nan birjik a shagunan gwanjo, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya tsawwala maka farashinsa da hujjar cewa tsoho ne, ka wuce abinka.

Tsada tana bin ƙarancin bugu. Soft Cell ɗin nan, kafin kowa ya san su, sun buga wani ƙaramin faifai mai waƙoƙi huɗu a 1980, Mutant Moments, kwafi 2,000, da kuɗin da mahaifiyar ɗayansu ta ranta musu. Shi ake nema ido rufe, kuma saboda haka ne 'yan jabu suka kwaikwaye shi. Bugun Factory na "Electricity" kwafi 5,000 ne, ya fi wanda kamfanin DinDisc ya sake fitarwa daraja nesa ba kusa ba. Haka "Are 'Friends' Electric?" yana da bugu mai hoto a jikin robar, kwafi 20,000, wanda ya fi baƙin tsada, duk da cewa faifai mai hoto galibi bai kai baƙi daɗin sauti ba.

Ta yaya zan gane bugun farko?

Ka fara da lambar kamfani da ke jikin kwali da takardar tsakiya. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba, domin ana iya sake buga faifai da tsohuwar lambarsa. "Being Boiled" ya koma kasuwa bayan ƙungiyar ta yi suna, har ya kai matsayi na shida a 1982, saboda haka mafi yawan kwafin da ke yawo na baya ne, ba na 1978 ba.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin santsin filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Idan ka karkata faifan ga fitila za ka ga lambobi da haruffa da aka karce ko aka danna a robar. Su ke nuna farantin da aka buga faifan da shi, wani lokaci har da masana'antar da injiniyan da ya yanka shi. Wani injiniya ɗan Ingila, George Peckham, ya shahara da karce "A Porky Prime Cut" a faya-fayan da suka bi ta hannunsa. Jabu yakan tonu a nan, da kuma a kwali, inda rubutu ke fitowa dishi-dishi saboda hoton na ainihi aka ɗauka aka sake bugawa. Idan kuma ka ga layukan farashi irin na kanti a kwalin da aka ce na 1978 ne, ka yi shakka.

Ramin tsakiya ma yana magana. Bugun Amurka babban rami gare shi, na Birtaniya ƙarami. Faifan Birtaniya da aka fasa tsakiyarsa don a sa shi a injin kiɗan mashaya darajarsa ta faɗi, kuma da wuya bai sha allura ba. Da yawa daga cikin bugun Amurka kuma da wata roba mai tauri aka yi su, wadda ke saurin cinyewa idan allura ta dakushe.

Haruffan nan da masu sayarwa ke sawa, NM da VG, me suke nufi?

Matakan lafiyar faifai ne. M shi ne wanda ba a taɓa sawa ba, NM kusan sabo, VG+ yana da 'yan alamun amfani da ba sa damun kunne, VG ana jin ƙaras-ƙaras, G kuwa ya sha wuya. Ana auna faifai daban, kwali daban. A wannan kiɗa ka ɗaga ma'auninka sama da yadda za ka yi wa kiɗan jita da ganguna, domin waƙoƙin farkon nan suna da sarari da shiru a cikinsu, ƙaramin karce ma sai ya fito fili. Ƙasa da VG+ ba na ba da shawara, sai dai idan faifan na da wuyar samu ƙwarai.

A ina ake saye?

Babbar kasuwar ita ce shafin intanet na Discogs, wanda aka kafa a 2000, kuma tun asali don kiɗan lantarki aka gina shi kafin ya faɗaɗa. Yana jera kowane bugu da hotunansa da lambobin da aka karce, yana kuma nuna farashin da aka sayar a baya, wanda shi ne abin dubawa, ba abin da mai kaya ya yanka ba. Akwai eBay, da shagunan gwanjo da kasuwannin faifai na biranen Turai. Ga mai saye daga Najeriya ko Nijar, kuɗin aike kan fi kuɗin faifan kansa, don haka gara a haɗa da yawa daga hannun mutum ɗaya.

Afirka tana da hannu a wannan tarihi?

Tana da shi, sai dai ba a ƙaramin faifai aka fi samunsa ba. William Onyeabor na Enugu ya fitar da kundaye cike da sautin sintisaiza tsakanin 1977 da 1985 a ƙarƙashin kamfaninsa Wilfilms, har masana'antar buga faifai ya mallaka. Bayan kamfanin Luaka Bop na Amurka ya tattara waƙoƙinsa a 2013, bugun asali ya zama abin da ake rububi. Francis Bebey ɗan Kamaru ya yi nasa a Faris a shekarun 1970 da 1980. A Nijar kuma akwai Mamman Sani, wanda ya naɗi kiɗan ogan ɗinsa na lantarki a 1978, shekarar da Daniel Miller ke nasa a Landan. A kaset ya fito, kwafi kaɗan, ko da yake 'yan Nijar sun daɗe suna jin kiɗan a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya buga shi a faifai da sunan La Musique Électronique du Niger.

Idan na saya, yaya zan adana shi a yanayinmu, kuma da me zan saurara?

Zafi ne babban abokin gaba. Faifan da aka bari a mota ko kusa da taga a watan Afrilu zai lanƙwashe kamar fatar da aka shanya a rana, kuma da wuya ya koma daidai. A jera su a tsaye, kada a ɗora wani kan wani, a ɗaki mafi sanyi a gidan. Ƙurar hunturu tana shiga layukan da allura ke bi, don haka kowane faifai ya samu rigar ciki mai laushi da leda ta waje, amma ba leda mai kauri irin ta PVC ba, domin takan bar tabo a roba idan ta daɗe cikin zafi. A share da buroshi mai laushi kafin a sa, a wanke da tataccen ruwa, a riƙe ta gefe.

Game da na'ura, ka guji 'yan ƙananan nan masu kama da akwati, allurarsu tana da nauyi, tana cin faifai. Ka nemi wadda ake iya daidaita nauyin hannunta, ka tanadi ɗan zoben da ake sawa a babban rami. Idan tsohuwa za ka saya, ta Birtaniya ko Turai ta fi dacewa, domin lantarkinsu irin namu ne, wajen bolt 230 da zagaye 50 a daƙiƙa. Ta Amurka an yi ta ne don bolt 120 da zagaye 60, kuma idan injinta na bin zagayen wuta ne, ko ka sa mata taransifoma faifan zai riƙa juyawa a hankali fiye da ƙima, sai an canja mata ƙaramin gargaren da ke jan bel.