Kuɗin binciken gaɓar teku: rigimar ba yau ta fara ba

Duk wanda ke bin cece-kucen da ake yi kan kuɗin binciken haɗurran gaɓar teku zai ɗauka jiya aka fara, wai me ya sa masana ke ta kukan babu kuɗi alhali teku na cin gidajen mutane. Ai abin ya daɗe, kuma kullum salonsa ɗaya ne, sai an yi gawa tukuna ake buɗe lalita.

Tsunamin Chile na 1960, wato gagarumar igiyar teku da girgizar ƙasa ke tayarwa, shi ne ya haifar da tsarin gargaɗi na tekun Pasifik a 1965. Guguwar Bhola ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 kafin a kafa shirin gargaɗin guguwa a Bangladesh. Tsunamin 26 ga Disamba 2004 kuwa ya ci kusan mutum 230,000, sannan tekun Indiya ya samu nasa tsarin a 2006.

Amma akwai abin da ya faru a wannan ranar da ba a cika tunawa ba. Tsibirin Simeulue na Indonesiya yana daf da inda girgizar ta faro, mutum kusan 78,000 ke zaune a ciki, amma bakwai kacal suka mutu. Ba na'ura, ba jiniya. Tun tsunamin da ya yi musu ɓarna a 1907 kakanni ke faɗa wa jikoki labarin smong, wato tsunami a yarensu, cewa in ƙasa ta girgiza sosai ka ga teku ya ja da baya, kar ka tsaya tsintar kifin da ya bari a yashi, ka ɗauki yara ka hau tudu. Haka kuwa suka yi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo a 2005, aka tafa, shi ke nan fa.

A ganina nan aka yi sake. Kuɗi suka bi na'urorin da ake shawagi da su a teku da taswira da kwamfuta, don su ake iya ɗauka a hoto a sa a rahoto, shi kuwa mai binciken da zai zauna shekaru da masunta ya gano wa suke jin maganarsa, me ke hana tsohuwa barin gidanta ko an yi shela, da ƙyar yake samun tallafin shekara biyu. Na'urorin ma ana ba da kuɗin saye a manta da na gyara, lokacin tsunamin birnin Palu na Indonesiya a 2018 waɗanda ke tekun ƙasar sun daina aiki tun 2012.

Rahoton UNESCO na 2020 ya ce kashi 1.7 cikin ɗari kawai na kuɗin bincike ƙasashe ke ba kimiyyar teku, a cikin wannan ɗan abin kuma ake rigimar ta yanzu.